Bosuwajar Alhaji a Sama

ALHAJI: Oga Sule, ga ta nan. Haɗin Legas ce, tun 1976 take hannuna. A ɗaga ta a hankali, ta girmi yaron nan naka.

TANKO: (ya buɗe gaba) Oga! An sace injin! Ko lagireto babu, sai safaya taya!

OGA SULE: Rufe mana baki. Bosuwaja injinta a baya yake, kuma iska ke sanyaya shi. Can nauyinta yake, can za ka fara lura.

TANKO: To na tura hannuwan na'urar ɗaga mota ƙarƙashin daɓen motar?

OGA SULE: Wane daɓe? Batirinta ƙarƙashin kujerar baya yake zaune, ruwansa ya gama cin wurin. Ka danna da yatsa ka gani.

TANKO: Oga, yatsana ya shige.

ALHAJI: Innalillahi! Ɗan nan ka huda min mota!

OGA SULE: Tsatsa ce ta huda, Alhaji, shi shaida kawai ya yi. Tanko, hannuwan baya ka kai su kan bututun ƙarfen nan mai kauri da ke gaban tayoyin baya, na gaba kuma kan ƙashin motar. Ka sa roba tsakani.

ALHAJI: Bari in shiga in riƙe mata sitiyari, ba ta saba da sama ba.

OGA SULE: Ranka ya daɗe, ba a ɗaga mota da mutum a ciki. Tanko, ɗaga ta taki ɗaya ka tsaya. Yanzu girgiza ta.

ALHAJI: Girgizawa kuma? Kuɗi na biya a yi mata dambe?

OGA SULE: In za ta zame, gara ta zame daga nan. Yawwa, ta zauna daram. Kai ta sama, ka sauke ta kan makullin na'urar. In mun cire injin, baya zai yi sakayau, sai mun tokare gaba da ƙarfe.

TANKO: Oga, an ɗauke wuta.

ALHAJI: A sauko min da ita!

OGA SULE: Makulli ba ya saki sai an ɗan ɗaga ta, ɗagawa kuwa sai da wuta. A yi haƙuri har gobe.

ALHAJI: To ba komai. Kuɗin aikinku dai na cikin aljihun motar.

OGA SULE: Tanko! Ruga ka aro janareto wurin mai walda!