Hajara a Shafi na 11

Ni dai karatuna ba ya zaɓe. Labarin soyayya, wasan kwaikwayo, littattafan nan na gyaran hali da dabarun neman na kai, har takardar da aka ƙunso min ƙosai sai na karance ta kafin na yar. Duk shigata Kano sai na biya Sabon Gari ko Kurmi na sayo na hannu, har suka cika buhu biyu. A ƙauyenmu, nan tsakanin Gumel da Maigatari, ni ne mai ba da hayar littafi: naira 50 kwana biyu, wanda ya yaga bango ya biya 100.

Daminar bara ce ta tona min asiri. Na jingina buhunan da bangon ƙasa a ɗakin da ba siminti, da niyyar kwana biyu ne. Ranar da na zo ɗagawa cikin watan Agusta, bakin buhu ya biyo ni, gindinsa ya ce yana nan. Gara ta yi gini a ciki har da soro.

Wanda bai san gara ba sai ya ɗauka duk littafin take cinyewa. Ta ƙasa take fara ci, wato gefen da ya taɓa danshi, kuma a nan ne yawancin masu ɗab'i suke sa lambar shafi. Danshin kuma ya sa fil ɗin tsakiya ya yi tsatsa ya karye, takardu suka rabu. Ga shi ƙananan littattafan nan da aka riƙa bugawa a Kano tun shekarun 1990 kusan duk girmansu ɗaya: a ninke kowane falle gida biyu, a jera wani cikin wani, a danna fil biyu a tsakiya. Littafi mai shafi 64 falle 16 ne, kowane falle na ɗauke da shafi huɗu. Na waje yana da 1 da 2 da 63 da 64, na shida yana da 11 da 12 da 53 da 54. Ku riƙe wannan lissafin, don ni ban riƙe shi ba.

Gyaran kansa ba wuya. Ana shanya takardun a inuwa, don rana tana lanƙwasa su su yi ƙaras-ƙaras. A kankare tsatsar da reza. A jiƙa ƙaro cikin gwangwanin madara, ƙaro kashi ɗaya ruwa kashi biyu, ya kwana, da safe a tace da tsumma. Kada a yarda da kokon rogo ko na fulawa: yana kamawa, amma ka yi wa kyankyasai da ɓeraye walima ne. Sai a jera fallayen, a huda ƙofa uku a kan ninkin da basilla, a sa zare mai ƙwari ta tsakiya, a fito ta sama, a tsallaka zuwa ta ƙasa, a dawo tsakiya a ƙulle a kan dogon zaren. A yanka kwali a manna bango, a danne da buhun gero ya kwana biyu. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi, littafi ɗaya ake gyarawa a lokaci ɗaya, kuma kafin a ɗinke sai an haɗa layin ƙarshe na kowane shafi da layin farko na mai bi masa.

Ni uku na baza a tabarma ɗaya: na soyayya, na wasan kwaikwayo, da wani na tattalin kuɗin magidanci. Hadari ya taso da la'asar, yara suka yi min gwaninta suka kwashe komai a faifai guda. Da daddare na zauna da tocila na rarraba da ido, na duba uku na farko na ga sun hau, na ce sauran ma haka ne. Na ɗinke, na danne, suka fito tsaf kamar daga shago.

Bayan kaka ƙungiyar manoman garinmu ta kira taro a ƙofar gidan dagaci. Damuwar kowace shekara ce: mutum ya kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya dawo da kuɗi a aljihu, kafin azumi ya koma cin bashin tiya. Aka ce tun da ni ne mai littattafai, na karanto wa jama'a wani abu a kan tattali. Aka aro lasifika da batir. Dagaci na kan kujera, liman na gefensa, surukina na sahun gaba da carbi, mata kuma na bayan zana, cikinsu har da uwargidana.

Na fara lafiya lau. Marubucin ya san abin da yake faɗa: a ware iri tun a masussuka, a auna abincin gida na wata goma sha biyu kafin a sayar da ko tiya ɗaya, kada a kai duka kasuwa a makon da kowa ke kaiwa. Dattawa na ta gyaɗa kai. Daɗi ya kwashe ni, na ƙara murya, har ina ɗaga yatsa. Ƙarshen shafi na 10 ya ce: "Abu na farko da magidanci mai hankali zai yi ranar da kuɗin amfanin gona suka shigo hannunsa shi ne ya", sai na tsallaka shafi na 11, "kamo gefen mayafinta ya ce, wallahi Hajara tun ranar da na gan ki a bakin rijiya tuwo ya daina wuce min maƙogwaro."

Mai karatu a bainar jama'a kamar mai keke ne a gangara, baki na gaba, hankali na biye. Sai da na kai "ke ce fitilar zuciyata" sannan na ji abin da lasifika ke faɗa wa gari. Wurin ya yi tsit, ban da wata akuya. Carbin surukina ya tsaya.

Na ce bari na tsallake wannan falle. Na juya zuwa inda ya kamata 13 ta kasance. Daidai lokacin surukina ya yi gyaran murya zai yi magana, ni kuma idona ya sauka a layin farko, bakina ya ɗauka: "Alƙali, cikin fushi: Kai tsoho, rufe mana baki, ba a tambaye ka ba!"

Liman ya ce, "Subhanallahi." Dagaci ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni ba ne, alƙali ne."

Ya ce, "Wane alƙalin, Malam?"

Nan dabara ta zo min, irin dabarar da ke kai mutum rami na biyu. Na ce tun da gaba ta lalace, bari na yi tsalle can wajen ƙarshe inda marubuci ke taƙaita nasiharsa. Na kama kusan shafi goma daga baya na buɗe. Ai kuwa na faɗa kan ɗaya rabin fallen nan na shida. Ana ɗaura auren Hajara, an yanka sadaki, ango na kuka don murna. Wani matashi daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe dai ya same ta!" Taro ya watse da dariya, ba a sake maganar riɗi ba.

Na durƙusa gaban surukina na ce, "Baba, a yi haƙuri, gara ce." Ya dube ni ya ce, "Garar ce ta iya karatu haka?" Ya shige gida. A nawa gidan kuwa tuwo ya zo ba miya, da tambaya ɗaya: "Malam, 'yar wane gida ce Hajara?" Sai da na farke ɗinkin a gabanta, na nuna mata falle ɗaya mai shafi huɗu, na yi mata lissafin 11 da 54. Ta ce ita ba lissafi ta tambaya ba.

Yanzu littattafan na cikin akwatin ƙarfe a kan bulo huɗu, tazarar taku ɗaya daga bango, da busasshen ganyen darbejiya a ƙasa da sama, kuma kowane falle na rubuta lambarsa da fensir a sama, inda gara ba ta fara isa.

Na manta da ɗaya, ashe. Na soyayyar yana hannun haya tun kafin taron. Ranar Asabar wata yarinya ta dawo da shi tana neman naira hamsin ɗinta. Ta ce saurayin ya tare Hajara a bakin rijiya, ana jiran ya yi magana, sai ya ce a raba kuɗi kashi uku, kashi ɗaya a sayi tunkiya. Na miƙa mata kuɗin, sai ta ce a'a, innarta ta ce a bar mata littafin ya ƙara kwana biyu, tana so ta karanta wa yayanta wurin tunkiyar.