Mai ciwon baya, kwanciya ba za ta warkar da kai ba

Da zarar mutum ya ce bayansa ya riƙe, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya je ya kwanta, ta biyu kuma ya haɗiyi ƙwaya. Wannan shawara tana damuna matuƙa, musamman ta farkon, domin tana iya mayar da ciwon mako biyu ya zama na watanni. Na san masu bayar da ita tausayi ne ke sa su, amma tausayin bai hana mai ciwon cutuwa ba.

Larurar ba ta mutum ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Babu wata larura a duniya da ta kai ta hana mutane aiki da walwala. Sai dai ga abin da nake so mai ciwon ya fara riƙewa: cikin mutum 10, kusan 9 in an bincika ba a samun wata takamaimiyar cuta a bayansu. Ba karaya, ba ciwon daji, ba ƙwayar cuta. Tsoka ce da jijiyoyi da gaɓoɓi suka gaji suka ɗaure, kuma yawancin irin wannan yana yin sauƙi sosai cikin mako 6.

To me ya sa nake yaƙi da kwanciya? Tun a 1995 likitoci a ƙasar Finlan suka raba masu sabon ciwon baya gida uku. Wasu aka ce su kwanta kwana biyu, wasu aka ba su motsa jiki na musamman, wasu kuma aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon yadda za su iya jurewa. Waɗanda suka ci gaba da harkokinsu su suka riga kowa warkewa, masu kwanciyar kuwa su ne na baya. Kimanin shekara 30 ke nan da sanin wannan, amma har yau ana cewa mutum ya lafe a gado.

Dalilin yana cikin halittar bayan. Ƙasan gadon baya ƙashi biyar ne a jere, tsakaninsu akwai wasu faya-fayai masu taushi da ke hana su gugar juna. Faya-fayan nan kusan ba su da jijiyar jini tasu, motsi ne ke matsa su ya sake su, ta haka ruwa da abinci ke shiga cikinsu. Tsokar da ke riƙe da bayan kuma in ta kwana biyu ba ta aiki ba sai ta fara saki. Baya kamar ƙyauren ƙarfe yake, wanda aka daɗe ba a buɗe ba shi ne yake cijewa. Ban ce mutum ya tashi ya ɗauki buhu ranar da ciwon ya kama shi ba. A ranar farko ko ta biyu, in zafin ya yi tsanani, ya kishingiɗa, amma ya riƙa miƙewa yana zagaya ɗaki, ko da dafa bango ne.

Abin da ya fi kwanciyar illa shi ne tsoro. Mutum ya je an ɗauki hoton bayansa da na'urar MRI, an ce masa faifai ya zaizaye ko ya turo, shi ke nan ya dawo gida yana ganin bayansa ya gama yawo. Ya daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar ɗansa, yana tafiya a sandare. Alhali wani nazari da aka fitar a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai, ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da wannan zaizayar, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96 ne. Lafiyarsu ƙalau, ba su ma san da ita ba. Wato abu da yawa da hoto ke nunawa alamar shekaru ce kawai. Wanda ya tsorata yakan ɗaure jikinsa ba tare da ya sani ba, ɗaurewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara tsoro. Ina jin takaicin ganin mai ƙarfi a jika ya mayar da kansa nakasasshe saboda kalma biyu da aka faɗa masa ba tare da bayani ba.

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya, tattaki zan zaɓa. A 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ostireliya da mutum 701 da ba su daɗe da warkewa daga ciwon baya ba. Waɗanda aka ɗora kan tafiyar ƙafa tare da wayar musu da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Kusan ninki biyu, ba allura, ba ƙwaya, ba na'ura. Ka fara da minti 10, gobe ka ɗan ƙara, har ka kai rabin awa a yawancin ranakun mako. Sannu ba ta hana zuwa. In ka ji ɗan zafi kana tafiya ba lallai ne wani abu ya ɓaci ba. In dai ya lafa bayan ka huta, ci gaba. In ya kwana ya wuni yana ƙaruwa, rage tafiyar, amma kada ka daina.

Sai gashi. Tawul da ruwan ɗumi, ko kwalbar ruwan zafi da aka naɗe da ƙyalle, a ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20. Ɗumi yana sassauta tsokar da ta ɗaure, shi ya sa ƙungiyar likitocin Amurka a 2017 ta sa shi tare da tausa cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani. Amma ni a ganina amfanin gashi da tausa shi ne su ba ka sararin da za ka tashi ka motsa. Wanda ya gasa baya ya koma ya kwanta ya yi rabin aiki ne. Kada kuma a yi barci da abin zafi a jiki, masu ciwon suga su ƙara kula domin fatarsu ba koyaushe take jin ƙuna ba.

Akwai 'yan motsi masu sauƙi da ake yi a ƙasa: ka kwanta rigingine ka jawo gwiwa zuwa ƙirji, ko ka lanƙwashe gwiwoyi ka ɗaga ƙugu sama ka sauke a hankali, ko ka yi rarrafe kana gantsarewa kana doro. Babu wani motsa jiki guda da ya fi saura nesa ba kusa ba, wanda za ka iya dawwama a kansa shi ne naka. Mai dogon zama a ofis ko a mota ya riƙa tashi duk bayan rabin awa. Da dare, mai kwanciyar gefe ya sa filo tsakanin gwiwoyi, mai rigingine ya sa shi ƙarƙashinsu. Katifa kuma ba sai mai tauri kamar dutse ba, wani gwaji a Sifen a 2003 ya nuna matsakaiciya ta fi. Rashin barci da damuwa suna ƙara wa ciwo kaifi, haka ma taba da ƙiba.

Bel ɗin ɗaure ƙugu da ake ta talla fa? A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 kan ciwon bayan da ya wuce wata 3, ta ce kada a mayar da shi abin yau da kullum, haka ma jan baya da na'ura, haka ma ƙwayoyi masu sa jaraba irin su tiramadol. Ni ba maƙiyin magani ba ne, yana da ranarsa in likita ya rubuta. Abin da nake tsoro shi ne mai shan ibuprofen ko diclofenac kullum na tsawon watanni yana ƙona cikinsa da ƙodarsa. Haka nan duk wani jiƙo ko gari da aka ce na itatuwa ne zalla, in ba ka san abin da ke ciki ba, sunansa bai sa ya zama marar illa ba.

Duk wannan magana ta ciwon baya na gama-gari ce. Amma 'yan'uwa, don Allah, in ciwon ya zo da mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko yana zubowa ba da saninka ba, ko ƙafa ta fara rauni kana jan ta, wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba, domin jijiyar da aka danne tana iya lalacewa har abada. Haka in akwai zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko ka taɓa yin ciwon daji, ko faɗuwa ka yi ko haɗari. Wanda kuma ya yi mako 6 yana ƙoƙari bai ga sauyi ba, ya nemi likita ko ƙwararren mai gashin ƙashi na asibiti ya duba shi, ya tsara masa motsin da ya dace da jikinsa.