Kifin da aka niƙa ba ya samar wa masunta aiki

Tun da yarjejeniyar kamun kifi tsakanin Senegal da Tarayyar Turai ta ƙare a watan Nuwamban 2024 ba tare da an sabunta ta ba, wasu ke ta murna kamar an gama da matsalar garuruwan gaɓar teku. A ganinsu, abin da ya rage kawai shi ne gwamnati ta buɗe bakin aljihu: ta raba injinan kwale-kwale, ta koya wa matasa sana'o'i, ta jawo masu jari su kafa masana'antu. Wannan lissafi yana ɓata mini rai, domin ya tsallake ainihin abin da ke ci wa masunta tuwo a ƙwarya.

Jiragen Turai da suka tafi, akasari kifin tuna suke kamawa can cikin teku. Kifin da ya riƙe garuruwan masunta irin su Saint-Louis da Kayar da Mbour da Joal kuwa ɗan ƙaramin nan ne, sardinella, wanda mutanen wurin ke kira yaboy. Shi masunta ke saukewa a bakin ruwa, 'yan dako su jida a ka, mata su zauna su gyara, su kyafa, su barbaɗa gishiri, su shanya, sannan a loda buhunan banda a manyan motoci zuwa Mali da Burkina Faso. Ga mai sassaƙa jirgi, ga mai gyaran taru, ga mai sayar da ƙanƙara. Kwale-kwale ɗaya idan ya dawo cike, unguwa guda ta samu aikin wuni. Babu wani shirin gwamnati da ya taɓa ɗaukar mutane aiki kamar yadda wannan ɗan kifi ya ɗauka.

To shi ne ake niƙawa. Daga Nouadhibou a Muritaniya, inda masana'antun garin kifi suka kai gommai, zuwa Kayar, zuwa Gunjur da Sanyang da Kartong a Gambiya, ana sayen kifin da mutane ke ci, a mayar da shi gari da mai, a fitar zuwa Turai da Asiya don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare muhalli Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce abin da ake kwashewa ta wannan hanya daga Afirka ta Yamma ya haura tan 500,000 a shekara. Kuma duk lokacin da za a ba irin wannan masana'anta lasisi, hujjar da ake kawowa ita ce samar da ayyukan yi. Wane aiki? Injin niƙa ba ya buƙatar hannaye da yawa. Matar da ta yi shekaru tana banda ba za ta iya taya kifi da kamfanin da ke saye mota-mota ba, haka za ta koma gida da kwandonta wayam. Ana ƙirga mutanen da masana'anta ta ɗauka a yi ta tutiya, amma ba wanda ke ƙirga murhunan da suka mutu.

Tallafin injina ma gyaran gangar Auzinawa ne. Jerin da hukumomin Senegal suka wallafa a watan Mayun 2024 ya nuna kwale-kwale sama da 17,000 da manyan jirage 132 masu tutar ƙasar, waɗanda da dama cikinsu haɗin gwiwa ne da kamfanonin waje. Ƙara inji a kan wannan cunkoso yana nufin tafiya mai nisa, mai mai yawa, bashi, da kamu kaɗan. Jirgin da ya kasa ciyar da mai shi kuwa kowa ya san inda yake dosa daga baya. Mutum sama da 46,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya ta teku a 2024. Garin masunta na Fass Boye a Senegal bai manta da jirgin da ya tashi da kimanin mutum 100 a 2023, aka tsinto 38 da rai kusa da Cape Verde ba.

Masu cewa a sauya wa masunta sana'a kawai su dubi Kanada. Da aka rufe kamun kifin cod a Newfoundland a 1992, kimanin mutum 30,000 suka rasa aiki. Gwamnati ta zuba dalar Kanada biliyan 1.9 a shiri ɗaya tak na tallafi da horo, amma ƙauyuka suka ci gaba da watsewa, kuma sai a 2024 aka sake buɗe kamun na kasuwanci. Idan ƙasa mai arziki irin wannan ta kasa saye wa gari sabuwar rayuwa da kuɗi, da me Dakar ko Banjul za su saya? Masu cewa ɗumamar teku ce ke kora kifin arewa ba su yi ƙarya ba, amma ba ɗumama ce ke sa hannu a takardar lasisi ba.

Gwamnatin da ke son ayyuka a bakin teku da gaske ta haramta niƙa kifin da ɗan Adam ke ci, ta binciki masu jiragen da ke fakewa da tutar ƙasa, ta kuma zauna da maƙwabtanta a raba kamun, tunda sardinella ba ya tsayawa a iyakar ƙasa ɗaya. Kuɗin injinan a karkata su ga ɗakunan sanyi da murhunan banda na zamani a hannun ƙungiyoyin mata. Sabon lasisin masana'antar gari kuwa, ko ɗaya kada a ƙara bayarwa.