Aikin shekara hamsin a hannun masu kwantiragin shekara biyu

A watan Fabrairun 2023 ƙanƙarar da ke rufe tekun da ya kewaye Antatika, nahiyar da ke can ƙarshen kudancin duniya, ta ragu zuwa murabba'in kilomita miliyan 1.79, mafi ƙaranci tun da taurarin ɗan'adam suka fara auna ta a kai a kai a 1979. Da hunturun can ya zo ba ta farfaɗo yadda ta saba ba, a Satumba ko miliyan 17 ba ta cika ba. Abin ya ɗaure wa masana kai. Har zuwa 2014 ƙanƙarar kudu ɗan ƙaruwa take yi, alhali yawancin manhajojin kwaikwayon yanayi raguwa suke nunawa, sai daga 2016 ta zube kwatsam. Har yau ana neman bakin zaren, kuma da yawa daga masu neman nasa matasa ne da suka gama digiri na uku, aka ɗauke su binciken wucin gadi na shekara biyu ko uku. A ganina wannan tsari yana cutar da su, yana kuma cutar da ilimin kansa.

Sai an san aikin kafin a gane dalili. Mai kwaikwayon teku a kwamfuta yana yanka tekun duniya zuwa miliyoyin akwatuna, daga sama har ƙasa, ya sa kwamfuta ta lissafa zafi da gishiri da gudun ruwa a kowane akwati, ta matsa gaba da 'yan mintuna, ta sake lissafawa, haka har ta cinye ƙarni guda ko fiye. A manhajojin yanayi da dama faɗin akwati ɗaya ya kai kilomita 100. Amma tsagar da ke buɗewa a jikin ƙanƙara wani lokaci 'yan mitoci ce, kuma ta nan zafin teku ke tserewa zuwa iska a lokacin hunturu. Kududdufan da ke taruwa a bayan ƙanƙara idan ta fara narkewa su ma ƙanana ne, amma suna rage mata fari. Ƙanƙarar teku mai lulluɓin dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana, buɗaɗɗen teku kuwa yana shanye sama da kashi 90. Ruwan teku sai ya kai kusan digiri 1.8 ƙasa da sifili yake daskarewa, yana daskarewa yana tofar da gishirinsa, ruwan da ke ƙasa ya yi nauyi ya nutse, nutsewar nan kuma tana cikin abin da ke juya ruwan tekunan duniya. Duk abin da ya fi akwati ƙanƙanta dole wani ya zauna ya ƙirƙiro masa ƙa'idar lissafi, ya gwada ta da abin da aka auna a fili, ya gyara, ya sake gwadawa.

Wannan gini ba na jiya ba ne. A 1969 Syukuro Manabe da Kirk Bryan suka haɗa lissafin teku da na iska a manhaja ɗaya a Princeton ta Amurka, kuma manhajar teku ta MOM da ake amfani da ita yau daga aikin Bryan ta samo asali. A 1979 William Hibler ya fitar da lissafin yadda ƙanƙara ke tankwaruwa da karyewa idan iska ta matse ta. A 1997 Elizabeth Hunke da John Dukowicz na cibiyar Los Alamos a Amurka suka sake masa fasali don ya dace da kwamfutocin da ke raba aiki tsakanin dubban ƙwaƙwalwa, shi ne ƙashin bayan manhajar ƙanƙarar teku ta CICE. Turai na da manhajar teku ta NEMO, cibiyar Alfred Wegener ta Jamus na da FESOM. Yawancinsu da harshen kwamfuta na Fortran aka rubuta su, layi dubu ɗaruruwa, hannu bayan hannu.

To a ɗauki matashin da aka bai wa shekara biyu. Watanninsa na farko a koyon hanyoyin manhajar za su tafi. Gwaji ɗaya zai iya cin makonni, ga layin jiran babbar kwamfuta, ga shi zurfin teku sai an bar shi ya yi ɗaruruwan shekarun lissafi kafin ya daidaita. Lokacin da hannunsa ya faɗa, ya fara gane inda kuskure ke ɓuya, lokacin ne zai koma rubuta takardun neman aiki na gaba, sau da yawa a wata ƙasa, inda wata manhajar daban ke jiransa. Abin da ya sani wanda ba a rubuce yake ba, dalilin da ya sa aka zaɓi wannan adadi aka bar wancan, da shi zai tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin da ake auna shi da shi. Kwamitin ɗaukar malamai maƙalu yake ƙirgawa. Wanda ya kwashe wata shida yana farautar kuskuren da ke sa gishiri ɓacewa daga lissafi ya yi wa duk masu amfani da manhajar hidima, amma da wuya ya fito da maƙala. Wanda ya ɗauki manhajar yadda take, ya murza ta sau goma, ya rubuta abin da ya gani, shi ne zai cika takardarsa. Matashi mai iyali da kwantiragin da ke ƙarewa baɗi ba zai zaɓi na farko ba, kuma ban ga laifinsa ba. Haka kurakurai ke kwana shekara da shekaru a cikin kayan aikin da duniya ke dogaro da su.

Masu kare tsarin suna da hujja, ba zan ɓoye ta ba. Yawo tsakanin cibiyoyi yana buɗe ido, wanda ya yi aiki da manhaja biyu yana ganin raunin kowacce fiye da wanda ya tsufa a kan ɗaya. Kuɗin bincike ma na ƙayyadadden lokaci ne, shugaban ayarin bincike ba zai yi alkawarin albashin da ba shi da tabbacinsa ba. Na yarda da kwantiragi ɗaya, na shekara uku, a matsayin horo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne na uku da na huɗu, mutum ya doshi shekara arba'in bai san garin da zai zauna ba. A Jamus doka ta bai wa jami'o'i damar riƙe mai bincike a kan kwantiragin wucin gadi shekara shida kafin digiri na uku, shida bayansa, wanda bai samu kujerar dindindin ba daga nan yawanci sai ya kama gabansa. A 2021 dubban masu bincike suka yi ca a intanet kan wani bidiyo na ma'aikatar ilimin ƙasar da ke cewa tsarin yana hana tsara ɗaya toshe guraben aiki. A ƙarshen 2022 ma'aikata kusan 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, har da masu binciken bayan digiri na uku, suka shiga yajin aiki. Waɗanda suka gaji kuwa ba sa rasa wurin zuwa, domin kamfanonin fasaha da na inshora suna maraba da wanda ya iya lissafi da manyan kwamfutoci.

Jirgin ruwan bincike na Jamus, Polarstern, ya fara aiki a 1982. Daga Satumban 2019 zuwa Oktoban 2020 aka yi shirin MOSAiC, inda aka bar shi ya daskare cikin ƙanƙarar tekun Aktik, can ƙarshen arewacin duniya, yana tafiya tare da ita, masana daga ƙasashe 20 suna aune-aune. Kowa ya yarda jirgi irin wannan yana bukatar kasafi mai ɗorewa da ma'aikata na dindindin. Manhajar da za ta mayar da waɗannan aune-aune hasashe ita ma kayan aiki ce mai tsawon rai, haka ya kamata masu ba da tallafi su ɗauke ta. An ɗan taɓuka: tun 2008 akwai mujallar Geoscientific Model Development da ke buga bayanin gina manhajoji, a Birtaniya kuma tun 2012 ake fafutukar a amince da injiniyan manhajar bincike a matsayin sana'a mai matakan girma. Amma guraben sun yi kaɗan, kuma a jami'o'i da yawa har yanzu ana kallonsu ƙasa da kujerar malami.

Rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2021 ya ce akwai yiwuwar kafin 2050 a ga Satumban da ƙanƙarar tekun Aktik za ta gaza murabba'in kilomita miliyan 1, ko da wace hanya aka bi wajen fitar da hayaƙi. Daga waɗannan manhajoji maganar ta fito. Duk cibiyar da ke riƙe da ɗaya daga cikinsu ya kamata ta ware kujerun dindindin ga masu gina ta, kwamitocin ɗaukar aiki su riƙa buɗe abin da mutum ya gyara a manhaja su duba kamar yadda suke karanta maƙalarsa. Matashin da aka yi wa tayin irin wannan aiki kuwa, kafin ya sa hannu ya tambayi shugaban ayarin ina waɗanda suka riga shi zama a kujerar suke yanzu, kuma sunan wa zai fito a kan abin da zai gina.