Wai bai kai awa guda yana aikin ba

Ga abin da na gani a wani bidiyo. An yi ciniki da yaro jika goma sha biyar ya zana allon shago, ya gama aiki tsaf, aka miƙa masa jika biyar, wai ai bai kai awa guda yana yi ba. Wannan zalunci ne, kuma duk wanda ya bi bidiyon da dariya ya taya mai shagon.

Awa guda? To Alhaji, ga buroshi, ga fenti, ga allo, mun ba ka mako guda cur, fito mana da harafi ɗaya da ya tsaya daidai.

Hannun yaron nan ya yi sauri ne saboda kullum yana cikin aiki. Na san rayuwar domin ita nake yi. Mai zane na gaske kaye (littafin rubutu) da bik ba sa barin aljihunsa. Bayan asuba zai cika shafi da layuka da da'irori da haruffa, boko da ajami, abin da babu mai saye ko da dala ɗaya. Ranar kasuwa za ka same shi tsugune wajen ƴan awaki yana kallon yadda jar akuyar Maraɗi ke karkata wuya, yana zanawa yana gogewa. Ya san jan da ke cikin gwangwani ba shi zai gani a bango ba in ya bushe. Ya san zafin Afrilu yana daskarar da fenti a bakin buroshi kafin a ja layi na biyu. Ya san da hunturu sai a fara da sassafe, in iska ta taso ƙura ta manne wa ɗanyen aiki, an yi asara. Wannan sanin aka saya, Alhaji. Shekarun da ya yi yana koyo su ne suka gajarta maka aikin zuwa awa guda, kai kuma ka mai da saurin nasa dalilin rage masa kuɗi.

Masu cewa ai baiwa ce, Allah ya ba shi, na ji ku. Tela ma baiwa gare shi, ban ga wanda ya karɓi ɗinkin salla ya biya kashi ɗaya cikin uku ba. Masu cewa yanzu waya na yin zane, inji ya buga a leda, hanya a buɗe take, ku je. Amma in ka kira mutum ya hau tsani cikin rana, ka biya shi abin da kuka yi magana. Fentin ma ba kyauta yake samu ba. Mafi yawa daga Kano da Katsina yake shigowa ta Ɗan Isa, kuma kowa ya ga yadda kaya suka yi tsada da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023.

Abin da ke ƙona mini rai, mu ba baƙin zane ba ne. Aska takwas da ke gaban babbar riga wani ne ya fara zana ta a kan yadi kafin allura ta bi. Zayyanar allon sauka, da tawadar gawayi da ƙaro, malami ne ya zauna ya tsara. Ƙwaryar da iyayenmu mata ke jerawa a ɗaki da wuƙa mai zafi aka yi mata ado. Dukawa na nan suna rina fata suna fitar da fure. Mutane na tafiya har unguwar Birni ta Zinder don ɗaukar hoton bangayen da magina suka yi wa dagi. Duk muna alfahari da wannan, amma jikan masu wannan aiki in ya riƙe buroshi sai mu ce wasa yake. Wallahi yaran nan ina ganin yadda suke karaya, wasu sun ajiye kaye sun koma kabu-kabu, kuma hannun da ya daina zane ba ya jiran mai shi.

Af, tun da na ambaci bango. Tun bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da garinmu Maraɗi ya hauro tudu, gine-ginenmu na ƙasa sai raguwa suke, waɗanda suka saura ma ana shafe su da siminti. In akwai wanda ya san tsohon magini da har yanzu ya iya adon bango, ko a nan ko Tibiri ko wajen Madarumfa, don Allah ya yi mini magana. Ina da yara da nake so su je su zauna gabansa.