Asterix ya yi kiɗa, amma wani wurin gangar ta fashe

Wani sharhi da na karanta ya yaba wa Asterix, jerin littattafan barkwanci masu zane na ƙasar Faransa, cewa tun 1959 bai taɓa gajiya ba. Ni kam ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Ƙarfinsa na wurin marubucinsa René Goscinny ne: kowane littafi shafi 44 kacal, kusan kowane shafi da dariya a ƙarshensa, sunayen Gaulawa (mutanen Faransa ta zamanin da) na ƙarewa da -ix, na Rumawa da -us, kowane suna da habaici a ciki. Ga zanen Uderzo, duba yadda Obelix, abokin Asterix, ke tara hulunan ƙarfen sojojin Rum bayan an gama dambe, sai ka ji kamar kana wurin.

Amma da Goscinny ya rasu a 1977, Uderzo ya riƙa rubutu shi kaɗai, labarin ya fara sanyi. Littafin 2005 da ya kawo halittun sararin samaniya ya ɓata tsarin duniyar labarin baki ɗaya. Sannan maganin ƙarfin da Gaulawan ke sha yana kashe fargaba, tunda ka san ƙauyensu ba zai faɗi hannun Rumawa ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne baƙar fatar nan mai gadi a jirgin ƴan fashin teku, da leɓuna manya-manya da gurɓatacciyar magana. Wannan wulaƙanci ne.