Ku bar ɗan mishan ya faɗi abin da idonsa ya gani

Abin da ke ƙona min rai kwanan nan shi ne yadda ake tarbar littattafan da tsofaffin 'yan mishan na Cocin Mormon ke rubutawa kan zamansu a fagen wa'azi. Ka leƙa Goodreads ko Amazon, shafukan intanet da masu karatu ke ba littattafai maki, ka sha takaici, mutum bai ko gama babi na biyu ba ya tsallaka shafin ƙarshe don ya ga ko marubucin yana cocin har yanzu ko ya fice, da wannan kaɗai zai ba shi tauraro ɗaya ko biyar. Haba jama'a.

Mu fa tuna wa ake magana a kai. Yaro ne ɗan shekara 18, tun 2012 aka rage shekarun daga 19, a aiko masa takarda daga Salt Lake City, hedikwatar cocin a jihar Utah ta Amurka, a ce ga ƙasar da za ka, bai zaɓa ba, a kai shi cibiyar horo a Provo ta Amurka ko Accra na 'yan makonni a ɗura masa yaren da bai taɓa ji ba, sannan shekara biyu cur cikin farar riga da lakatayi da baƙin bajo a ƙirji, tashi 6:30 na safe, abokin aiki manne da shi dare da rana ko jininsu ya haɗu ko bai haɗu ba, kuma mafi yawa shi da iyayensa ke biyan kuɗin. Kafin 2019 sau biyu kacal a shekara yake kiran gida a waya, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata. Sau biyu! Wanda ya sha wannan in ya ce ya yi kuka, ya yi kewar uwarsa, akwai daren da ya kwana yana shakkar abin da yake wa'azinsa, wa ya isa ya ce ƙarya yake?

Amma sai ka ga 'yan cocin sun yi masa caa, wai ya tona asirin gida, wai zai kashe wa ƙannensa gwiwa. So suke ya maimaita abin da ake faɗa a mumbari ranar dawowa, cewa waɗannan su ne shekaru biyu mafi daɗi a rayuwarsa, ya rufe baki. To wanda rashin lafiya ko ciwon damuwa ya dawo da shi gida kafin wa'adi fa, wanda ke shiga coci kansa a sunkuye ana kallonsa kamar ya yi sata? Shi wa zai rubuta nasa? Masu kukan tona asiri su ne dai masu yi masa wannan kallon, kuma wallahi ni a ganina littafin da suke tsinewa ya fi musu amfani a kan goma na yabo.

Su ko waɗanda suka bar cocin suke zagin marubuci don bai biyo su ba, cutarsu ɗaya da waɗancan, ba sai na ɓata tawada ba.

Abin ya fi taɓa ni in marubucin a yankinmu ya yi aiki. Sai a 1978 cocin ta ɗage haramcin naɗa baƙar fata a muƙamin firist, a 1989 gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukanta a Ghana har zuwa ƙarshen 1990, yau kuma ga haikali a Accra ga wani a Aba. Bature ɗan Utah da ya ƙwanƙwasa ƙofa a Kumasi aka tambaye shi zancen 1978 ya rasa amsa, in ya rubuta wannan kunyar da gaskiya ni mai karatu a nan ina so in gani, don mu ne mutanen da ke bayan ƙofar.

Kamfanin ɗab'i na cocin, Deseret Book, ya kamata ya ƙara buɗe ƙofa ga irin waɗannan rubuce-rubuce, shugabanni kuma su ja kunnen mabiyansu. Su ma 'yan Ghana da Najeriya da suka sa bajon nan su ɗauki biro, mun gaji da jin labarin unguwanninmu daga bakin baƙo kaɗai.